Ba Ƙura Ba Ce, Ba Kuma Hannunka Ba Ne

Akwai wata magana da nake so mu daina haɗiyewa ba tare da mun tauna ba, wato cewa duk kwamfutar tafi-da-gidanka da ta lalace, mai ita ne bai iya riƙo ba. Za ka ji ta a bakin dillali a Farm Centre ko a titin Beirut a Kano, za ka ji ta a Banex a Abuja. Kai, wani lokacin mai kwamfutar ne ma zai riga kowa ɗora wa kansa laifi: ƙila na buɗe ta da ƙarfi, ƙila yara sun taɓa, ƙila wutar janareta ce. Ban ce ba a ganganci ba. Akwai mai kifar da kofin shayi a kan madannai, akwai mai jefa laftof a but ɗin Keke Napep kamar buhun gawayi. Amma da yawa daga cikin laftof ɗin da ke jibge a shagunan masu gyara, da ciwonsu suka baro kamfani. An zana su da aibi, an ƙera su da aibi, an sayar da su da aibi, kuma a lokuta da dama waɗanda suka ƙera sun gano aibin tun kafin mai saye ya gano, suka ja bakinsu suka yi shiru.

Sana'ata rubuta manhaja, don haka na san yadda kuskure yake shiga aiki. Idan muka saki manhaja da ƙwaro a ciki, mukan kwana a kai, gari na wayewa mu tura gyara, wayarka ta sauke shi kana barci. Ƙarfe ba haka yake ba. Ranar da aka zuba zubin kwamfuta miliyan ɗaya da waya guda da ta gaza tsawo, to an zuba kuskuren sau miliyan ɗaya, babu kuma intanet ɗin da zai ƙara wa wayar tsawo. Daga nan zaɓi uku ya rage wa kamfani: ya janye kayan daga kasuwa, ko ya amsa laifi ya gyara kyauta, ko ya yi ta jan ƙafa har garanti ya ƙare. Tarihin shekaru ashirin da suka wuce ya nuna wanda suka fi so, kuma ba jita-jita ba ce, abin yana cikin takardun kotu da sanarwar kamfanonin da kansu.

Mu fara da wanda ya fi kowa tsada da tinƙaho. A 2015 kamfanin Apple ya fito da MacBook mai inci 12, wadda kaurinta bai wuce milimita 13.1 ba. Don a kai ga wannan sirantaka sai aka sauya abin da ke ƙarƙashin kowane madanni. Tsohon tsari, wanda kusan duk laftof ke amfani da shi, wasu 'yan robobi biyu ne da suka gitta juna kamar almakashi. Sabon kuwa fukafukai biyu ne da suka haɗu a tsakiya, shi ya sa suka raɗa masa sunan malam-buɗe-littafi. A kan dandamali an yi ta yabonsa, wai ya fi na da siranta da kashi 40 cikin ɗari. Abin da ba a faɗa ba shi ne, sararin da ya rage a ƙarƙashin madannin ya yi ƙanƙantar da ƙwayar rairayi ɗaya ko ɓurɓushin biredi ya isa ya tsayar da harafi. Ka danna E ta ƙi fitowa, ko ta fito sau biyu. A 2016 aka ɗora wannan tsari a kan MacBook Pro, wadda masu aiki irin nawa ke saya, daga baya ya kai ga MacBook Air.

Matsalar madanni ɗaya, a kwamfutar da aka ƙera da hankali, ba ta wuce a ɓalle shi a share a mayar ba, in ta yi tsanani a kwance noti biyu a sauya allon madannan gaba ɗaya. A waɗannan kuwa an kafe allon a jikin murfin alminiyon da ƙananan ƙusoshin da ba a kwancewa, aka kuma manne batir da gam a jikin murfin. Saboda haka gyaran harafi ɗaya ya zama sauya rabin kwamfuta, wanda ba shi da garanti kuma ya biya abin da ya kai kimanin dala 700. Ka san shawarar da kamfanin ya wallafa a shafinsa? Wai ka karkata kwamfutar digiri 75, ka feshe ta da iskar gwangwani daga hagu zuwa dama, ka juya ta ka sake. Mutum ya biya kuɗin da ya isa sayen fili a wani garin, a ce masa ya koma yana sheƙar kwamfuta kamar mai sheƙar gero.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda aka yi ta kwana-kwana. Marubuciya Casey Johnston ta bayyana matsalar a fili tun a 2017. Sai watan Yunin 2018, bayan an fara shigar da ƙara kotu, kamfanin ya buɗe shirin gyara kyauta na shekara huɗu daga ranar saye, yana mai cewa ƙalilan ne abin ya shafa. Gyaran kuwa shi ne a cire mai aibi a sa maka wani mai irin aibin. A shekarar aka ƙara wata 'yar fatar roba a ƙarƙashin madannan, aka gaya wa duniya cewa don rage ƙara ne, alhali takardar da aka raba wa masu gyaran kamfanin, wadda ta fita waje, ta ce don hana datti shiga ne. A watan Maris na 2019 Joanna Stern ta jaridar Wall Street Journal ta wallafa sharhi da haruffan E da R a ɓace, yadda kwamfutarta ke rubutawa, sannan aka samu wani ɗan ban haƙuri daga kamfanin. Wata biyu bayan haka suka fito da sabon samfuri, kuma a ranar da aka fara sayar da shi, a ranar aka saka shi cikin jerin waɗanda za a gyara kyauta. Ka tsaya ka yi tunanin wannan. Tela ya miƙo maka sabuwar riga, a hannu ɗaya kuma ya miƙo maka allura da zare. Sai a ƙarshen 2019 aka fara komawa tsarin almakashi, aka kammala a 2020. A 2022 kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 50 don kashe shari'ar, ba tare da ya amsa laifi ba, kuma mafi yawan abin da mutum ɗaya zai samu shi ne dala 395.

Wannan duk a Amurka ne da Turai, inda ake aiki a ofis mai sanyi da tagogi a rufe. Yanzu ka ɗauko kwamfutar da ƙwayar rairayi ɗaya ke kayarwa, ka kawo ta Katsina ko Damagaram a watan Janairu, lokacin da iskar hunturu ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi tana shimfiɗa ta har cikin kwanon abinci. In ta tsaya, sai a ce ƙura ce. Ƙura ta riga kwamfuta zuwa duniya. Wanda ya zana madannin da ba ya jure ƙura shi ya kamata ya yi bayani.

A kan wannan MacBook Pro ta 2016 akwai wani aibin da ya fi wancan nuna rowa. Wayoyin da ke kai wuta da hoto zuwa sikirin wasu siraran faifai ne da suka naɗe ta bayan mahaɗar murfi. An yi su cif-cif, ba a bar musu sarari ba, don haka duk buɗewa da rufewa sai sun ɗame. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai su fara tsagewa. Da farko za ka ga haske yana fitowa layi-layi daga ƙasan sikirin kamar fitilun dandamali, daga baya in ka buɗe murfin ya wuce rabi sai hasken ya ɗauke ɗungum. Kamfanin iFixit, masu kwance na'urori su nuna wa duniya cikinsu, sun bayyana abin a farkon 2019, suka kuma lura cewa a samfurin 2018 an ƙara wa wayar tsawon milimita 2 ba tare da sanarwa ba. Wa yake ƙara wa waya tsawo in bai san ta gaza ba? Kuma da yake an haɗe wayar da sikirin ɗin, ba a sauya ta ita kaɗai, abin da bai wuce 'yan daloli ba ya koma ɗaruruwa. Shirin gyaran da aka buɗe daga baya ya tsaya a kan mai inci 13 ta 2016, aka bar masu inci 15 da nasu.

Kada wani ya ɗauka da Apple kaɗai nake. Wanda ya fi taɓa mu kai-tsaye ma ba nasu ba ne. Duk wanda ya yi jami'a a wajajen 2008 zuwa 2013 ya san HP Pavilion dv6000 da 'yan uwanta dv2000 da dv9000, masu baƙin murfi mai sheƙi, ya kuma san yadda suke mutuwa: ka kunna, fitilu su kama, fanka ta juya, sikirin ya tsaya baƙi ƙirin. Mun ɗora wa NEPA, mun ɗora wa kallon fim har asuba. Alhali ciwon yana cikin cif ɗin kamfanin Nvidia da ke sarrafa hoto. Ƙananan ɗigon dalmar da ke haɗa cif ɗin da mazauninsa, da sinadarin da aka cika tsakaninsu da shi, ba su dace da zafin da cif ɗin ke yi ba. Kowane kunnawa da kashewa sai su kumbura su sake tsukewa, har su tsage. A 2008 Nvidia ya amsa akwai matsala, ya ware dala miliyan 196 don ɗaukar nauyinta. Abin ya shafi HP da Dell da Apple.

Ga inda abin ya shafi sana'ata, kuma ga inda nake jin kunya a madadin masu ita. Maganin farko da HP da Dell suka fitar shi ne sabunta manhajar BIOS don fanka ta riƙa juyawa fiye da da. Wannan ba ya ɗinke dalmar da ke tsagewa, jinkirta mutuwar kawai yake yi. Jinkiri zuwa yaushe? Kowa ya yi lissafinsa, amma garanti shekara ɗaya ne. Haka ake kiran masu rubuta manhaja su zo su shafa hoda a kan ƙurji. Kwamfutocin da suka tsallake garanti da kyar, masu su suka rabu da su, aka loda a kwantena. Mai gyara a nan ya gano cewa in ya hura wa cif ɗin zafi da na'urar hura iska, kwamfutar za ta farfaɗo ta yi wata ɗaya ko uku. Sai ta sake mutuwa, ɗalibi ya koma ya kama mai gyara da faɗa, ya kira shi macuci. Su biyun suna rigima a kan kuskuren da aka yi a wani ɗakin zane a Kalifoniya, wanda ko sunan garinsu bai taɓa ji ba.

Sai maganar hinjis, ƙarfen nan da ke haɗa murfi da gangar jiki. Na taɓa mallakar wata laftof, ba zan kama sunan kamfanin ba, wadda a wata na goma sha huɗu kusurwarta ta hagu ta fara ɗagawa duk lokacin da na buɗe ta. Da muka kwance da mai gyara sai ga abin a fili. Hinjis ɗin ƙarfe ne mai tauri, an ɗaure shi tamau don sikirin kada ya riƙa rawa. Amma notin da ke riƙe da shi ba a jikin ƙarfe suke ba, a cikin wasu 'yan zobban tagulla suke da aka dasa a roba mai kaurin farce. Duk buɗewa, ƙarfin da ka sa yana sauka a kan wannan robar. Zafi yana busar da ita, man hinjis yana ƙafewa ya ƙara tauri, wata rana zobban su tumɓuke da robar gaba ɗaya. Mai gyaran ko mamaki bai yi ba, ya jawo wata akwati ya nuna mini gangar jiki irin tawa guda shida, duk a kusurwa ɗaya suka fashe. In mutum shida da ba su san juna ba suka karya abu a wuri ɗaya, to ba hannunsu ba ne. Ɗan faifan ƙarfe da zai raba nauyin bai kai kuɗin kwalbar lemo ba a wajen mai ƙera miliyoyi, amma kamfanoni suna kiran irin wannan karyewa da lalacewa ta ganganci, wadda garanti ba ya ɗauka.

Zafi kuma nasa babin daban ne. Buɗe takardar bayanin kowace MacBook za ka ga an rubuta cewa a yi amfani da ita a yanayin da ke tsakanin digiri 10 zuwa 35. Yawancin sauran kamfanoni ma a 35 suke tsayawa. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai, watan Afrilu yakan haura 40. Ma'ana, a hukumance, akwai watanni a shekara da ɗakinka ba ya cikin duniyar da aka ƙera wa kwamfutar. Duk da haka ko a tasu duniyar ba su tsira ba. A 2018 mai sharhin na'urori Dave Lee ya nuna cewa MacBook Pro mai firosesa Core i9 tana rage gudu saboda zafi har ta kasa ta shekarar da ta gabata, ba ta nuna ƙarfinta ba sai da ya saka ta a firiza. Kamfanin ya ce kuskuren manhaja ne, ya tura gyara, abin ya yi sauƙi, amma siririn jikin da aka cusa wa firosesan yana nan yadda yake. A MacBook Air ta 2020 mai firosesan Intel kuwa, fankar tana gefe guda, firosesan yana wani gefen, babu bututun tagullar da ya haɗa su. Su kuma masu araha, sai a huda musu kafar shan iska a ƙasa kaɗai, kamar ba a san cewa abin da aka kira na ɗorawa a cinya a kan cinya da katifa da darduma za a ɗora shi ba.

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta daga abokan aiki. Za a ce mutane ne ke son siririya marar nauyi, kuma ba a samun siranta sai an liƙe komai. A cikin wannan akwai gaskiya ɗaya: nau'in RAM mai saurin gaske da ƙarancin cin batir yana buƙatar zama dab da firosesa, shi ya sa aka daɗe ana liƙe shi da dalma a jikin bod. Na yarda da wannan. To rumbun ajiya fa? Wace dokar kimiyya ce ta ce sai an liƙe SSD, ta yadda in bod ya ƙone, digirinka da hotunan bikinka da lissafin shagonka su tafi tare da shi? A MacBook Pro ta 2016 an bar wata kafa ta musamman da ake zuƙo bayanai in bod ya mutu, a ta 2018 aka cire ta. Wace dokar ce ta ce sai an yi noti mai kai irin na fure mai ganye biyar, wanda sukundireban kasuwa ba ya kamawa? Wannan ba siranta ba ce, kulle ƙofa ne.

Kuma kamfanonin da kansu sun ƙaryata hujjar. Surface Laptop ta farko da Microsoft ya fitar a 2017, iFixit sifili suka ba ta cikin goma, domin ba a buɗe ta sai an yanka ta da wuƙa. Bayan shekara biyu Surface Laptop 3 ta fito, kusan kamanninsu ɗaya, amma noti huɗu za ka kwance murfin ya ɗago. Me ya sauya? Niyya. A 2021 wani ƙaramin kamfani mai suna Framework ya fitar da siririyar laftof da ake sauya mata komai, har da sukundireba a cikin kwalin, ta samu goma cikin goma. A 2024 Lenovo ya fitar da ThinkPad P1 da sabon nau'in RAM mai saurin nan amma wanda ake kwancewa da noti, wato ko hujja ɗayar da na amince da ita ta fara zubewa. Shi kansa Apple, a 2021, ya dawo da cajar maganaɗisu da kafar HDMI da ta katin kyamara da ya cire a 2016, ya ƙara wa kwamfutar kauri, aka yi ta tafa masa. Shekara biyar ana gaya wa mutane cewa su ne ba su waye ba.

Amsa ta biyu ta fi ciwo, domin daga gida take fitowa: ai tokumbo ka saya, me kake tsammani? Ina tsammanin abin da mai sayen tsohuwar mota ke tsammani. Taya za ta sude, batir zai yi sanyi, wannan tsufa ne, kowa ya yarda. Amma in sitiyari yana cirewa a hannun duk wanda ya sayi samfurin, ba a kiran wannan tsufa. Shaida kuma tana kan teburin kowane dillali. Me ya sa tsofaffin ThinkPad da Dell Latitude da HP EliteBook, masu shekara goma, suke aiki har gobe a shagunan buga takardu da cibiyoyin rajistar JAMB? Saboda an ƙera su don manyan ma'aikatu masu sayen dubbai a lokaci guda, waɗanda in kaya ya ba su matsala ba za su sake saye ba. Hinjis a jikin ƙarfe, murfin ƙasa mai buɗuwa, RAM da rumbu masu ciruwa, wasu ThinkPad har da 'yan ramukan da ruwa ke bi ya fita in ya zube a kan madannai. Kamfanin da ya yi waɗannan shi ne ya yi mai robar da ke fashewa. Sun iya. Sun dai duba wanda zai saya ne suka yanke shawarar abin da ya cancanta.

Batir ya isa misali. A inda wuta ba ta ɗaukewa, laftof tana yini a jone, batir yana hutawa. A nan batir shi ne rabin kwamfutar, yakan cika ya ƙare sau biyu ko uku a yini. Apple ya ce batirinsa zai yi zagaye 1,000 kafin ya yi rauni sosai, ka raba wannan da uku ka ga kwana nawa ne. A da, ɗan maɓalli za ka ja batir ya faɗo hannunka, ɗalibai har na biyu suke saya su riƙe a jaka. Yanzu yana ciki, a wasu ma a manne da gam, in zafi ya kumbura shi sai ya turo madannai sama. Kuma ba abin wasa ba ne: a 2006 Dell ya janye batir miliyan 4.1 ƙirar Sony saboda kama wuta, a 2019 Apple ya janye na wasu MacBook Pro masu inci 15 ƙirar 2015, har hukumar jiragen saman Amurka ta hana shiga jirgi da waɗanda ba a sauya wa batir ba. Wa ya bi sawun waɗanda suka riga suka tsallako teku?

Babu wanda ya bi. Diyyar dala miliyan 50 ta waɗanda suka saya a Amurka ce. Shirin gyara kyauta na wanda ke kusa da wakilin kamfani ne kuma shekarunsa ba su cika ba, alhali Apple ba shi da shagon kansa ko ɗaya a duk nahiyar Afirka, sai wakilai. Wani bincike na Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya a tashoshin jiragen ruwan Legas ya gano cewa a 2015 da 2016 kimanin ton 60,000 na tsofaffin kayan lantarki ke shigowa Najeriya a shekara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuma ba ya aiki tun daga saukewa. Mai saye na farko ya more shekarun lafiyar, in ya yi sa'a ya karɓi diyya. Mai saye na biyu, wanda ya tara kuɗin alawus ɗin bautar ƙasa ko mahaifiyarsa ta sayar da tunkiya, shi ke gadon ciwon.

A nan dole in juyo gida. Dillalanmu sun san samfuran nan sarai. Sun san wacce hinjis ɗinta ke fashewa, sun san wacce aka hura wa zafi jiya da daddare, su ba ka garantin sati ɗaya saboda sun auna cewa za ta kai sati biyu. A kasuwar dabbobi ta Wudil ko Maigatari, wanda ya sayar da sa yana ɓoye ciwonsa ya san za a dawo masa da shi, kuma fiƙihun cinikin da muka gada ya ba mai saye wannan haƙƙi a kan ɓoyayyen aibi. Ban ga dalilin da zai sa hukuncin ya sauya don kayan yana da sikirin ba. Mu masu saye kuma muna taimaka musu, domin tambayarmu ba ta wuce Core i nawa ce, siririya ce, tambarin yana haske? Ba mai cewa a juya ta a ga noti nawa ne a ƙasa. Masu sharhin na'urori a YouTube da TikTok, namu da na waje, sati ɗaya suke yi da kwamfuta su yanke hukunci, alhali duk aibin da na lissafa sai bayan shekara yake bayyana. Mutumin da ya fi kowa sanin gaskiyar laftof shi ne mai gyaran da ke zaune a lungu da tulin matattu a bayansa, shi ne kuma ba a tambaya sai bayan an saya.

Hukuma ma tana da abin yi, ba sai ta ƙirƙiro sabon abu ba. Tun Janairun 2021 Faransa ta wajabta a manna wa kowace sabuwar laftof maki daga sifili zuwa goma da ke nuna sauƙin gyaranta, a gefen farashi. Najeriya tana da dokar kare masu saye ta 2018 da hukumar FCCPC, dokar kuma ta amince cewa mai saye yana da haƙƙin samun kaya marar aibi. Ƙaramin abin da za a fara da shi bai fi a wallafa jerin samfuran da kamfanoninsu suka janye ko suka amsa suna da aibi ba, da Hausa da sauran harsuna, a manna a ƙofar kowace kasuwar na'urori. Ƙungiyoyin 'yan kasuwar ma za su iya yi ba tare da jiran Abuja ba, in suna so.

Lokacin yin hakan kuwa yanzu ne, domin wata igiyar tana tafe. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma ba ya karɓar yawancin firosesan Intel da suka girmi zubi na takwas, don haka ma'aikatu a Turai da Amurka suna ta sauke tsofaffin kwamfutocinsu. A cikinsu akwai nagari masu ƙarfe, akwai masu roba. A ɓangaren Apple, macOS 26 da ya fito a 2025 bai karɓi ko ɗaya daga cikin masu madannan malam-buɗe-littafi ba, shekara huɗun gyara kyauta kuma ta ƙare wa dukkansu. Ba sai an buga ƙasa ba a san tashar da za su sauka. In aka miƙo maka MacBook Pro ƙirar 2016 zuwa 2019 tana sheƙi a farashin da ya yi maka daɗi, ka buɗe murfin har iyakarsa ka ƙura wa ƙasan sikirin ido, sannan ka buɗe shafin rubutu ka danna kowane harafi sau goma, ka fara da E.